Jirgin Ƙasa Samfurin 103 na Japan

Samfurin 103 jirgin ƙasa ne mai aiki da lantarki wanda Hukumar Jiragen Ƙasa ta Japan ta samar domin jigilar ma'aikata da ɗalibai a manyan birane. Daga 1963 zuwa 1984 an ƙera tarago 3,447 nasa, adadin da babu wani samfurin jirgin lantarki da ya kai shi a tarihin ƙasar.

Asalinsa na komawa ne ga cunkoson Tokyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Masana'antu na haɓaka, mutanen karkara na kwarara birni, jiragen safe kuwa sun cika maƙil har sai da aka ajiye ma'aikata a tashoshi suna tura fasinjoji ciki don ƙofa ta rufu. A 1957 hukumar ta fito da samfurin 101, da niyyar kowane tarago ya zama yana da injinan lantarki a ƙarƙashinsa, jirgi ya riƙa zabura da sauri. Sai dai tashoshin rarraba wuta ba su iya ɗaukar wannan nauyi ba. Dole aka cusa taragai marasa inji a tsakani, jirgin ya rasa kuzarin da aka yi shi dominsa.

Daga nan aka ɗauki darasi. Injiniyoyi suka tsara 103 yadda rabin taragai kaɗai za su ɗauki inji, sauran a ja su. Kowane inji, mai suna MT55, yana da ƙarfin kilowat 110, aka kuma saita giyarsa ta fi ƙarfi a lokacin tashi, ba a dogon gudu ba. Dalili a fili yake: a layin Yamanote da ke kewaye tsakiyar Tokyo, tsakanin tasha da tasha galibi bai wuce kilomita ɗaya da 'yan kai ba. Jirgi na tashi, kafin ya miƙe ya fara taka birki. Gudunsa na ƙarshe kilomita 100 ne a awa, kuma a irin wannan layi ko kusa da hakan ba ya bukata. A ganina nan ne hikimar samfurin take: an auna shi da aikinsa da kuma aljihun hukumar.

Tsawon tarago mita 20 ne, jikinsa na ƙarfe, da ƙofofi huɗu a kowane gefe, kowacce mai marfi biyu da ke zamewa dama da hagu. Kujerun dogayen benci ne jingine da bango, tsakiya fili, hannayen riƙo na reto daga sama, domin an san masu tsayuwa sun ninka masu zama. Yana shan wuta volt 1,500 daga wayar da ke bisansa, a kan dogo mai faɗin milimita 1,067, daidai da tsohon layin dogo na Legas zuwa Kano. An shafe kowane jirgi da launi guda gwargwadon layinsa: kore mai haske na Yamanote, shuɗi na Keihin-Tohoku, ruwan lemo na Chuo, rawaya na Sobu. Fasinja ya hango launi daga nesa ya san nasa ne ko ba nasa ba, ko bai karanta allo ba. Na'urar sanyaya iska sai a 1970 aka fara gwada ta.

Arahar jirgin ce ta jawo masa matsala. Hukumar na fama da bashi, don haka ta ci gaba da sayensa shekara ashirin da ɗaya, tana kai shi layukan da ba a yi shi dominsu ba. A layin Joban, inda tashoshi ke da nisa, injinan kan yi ta ƙugi a ƙarshen ƙarfinsu. Bugu da ƙari, yadda yake sarrafa gudu shi ne ya bi da wutar ta cikin wasu ƙarafa da ke rage ƙarfinta, rarar ta fita a matsayin zafi. Da aka shigar da shi layin Chiyoda na ƙarƙashin ƙasa a farkon shekarun 1970, zafin ya rasa mafita a cikin ramin, fasinjoji suka sha wuya. Tsadar man fetur ta 1973 ta ƙara tona asirin wannan ɓarnar wuta, abin da ya kai ga samfurin 201 a 1979, sannan 205 a 1985.

Da aka raba hukumar zuwa kamfanonin JR a 1987, huɗu daga cikinsu suka gaji jiragen. Samfurin ya bar Yamanote a 1988, JR East ta sallami na ƙarshe a 2009 a layin Senseki. JR West kuwa ta gwammace gyara: ta sabunta tagogi da kujeru, har jirgin ya kai 2017 a layin da ke kewaye Osaka, ya kai 2023 a ɗan gajeren layin Wadamisaki na Kobe. A 2004 an tura tarago 16 zuwa Indonesiya, inda suka yi jigilar mutanen Jakarta har 2016.