Abin da ke sa kyamarar tsaro ta makance da dare

Sau da yawa idan aka yi fashi ko garkuwa cikin dare, akan koma ga kyamarar tsaro, sai a tarar da inuwa kawai tana gilmawa, babu fuska, babu lambar mota. Galibi matsalar tana cikin sensa, wato ɗan ƙaramin allon silikon da ke bayan gilashin kyamara, wanda yake mayar da haske ya zama hoto.

Fuskar sensa cike take da miliyoyin ƙwayoyi da ake kira fiksel. Kowace ƙwaya tamkar bokiti ce da aka ajiye cikin ruwan sama: mai faɗin baki ya fi tara ruwa. Sensa mai girman inci 1/2.8, wadda ta yawaita a kasuwa, idan aka raba ta megafiksel 2, faɗin kowace ƙwaya yakan kai maikuromita 2.9. Idan aka cusa megafiksel 8 a wannan filin, faɗin zai ragu zuwa 1.45, hasken da kowace ƙwaya take samu kuma ya koma kashi ɗaya bisa huɗu. Da rana, lokacin da haske ya haura laks 10,000, wannan ba damuwa ba ne. A farin wata kuwa, inda bai kai laks 1 ba, hoton yakan cika da ɗige-ɗige kamar an watsa masa tsaki.

Tsarin ginin ma yana da tasiri. Nau'in CCD, wanda Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙira a Amurka a 1969, ya daɗe yana jan zarensa kafin CMOS ya karɓe kasuwa saboda araha da ƙarancin cin wuta. A tsohon CMOS, wayoyin ƙarfe suna gaban ƙwayoyin, suna tare wani ɓangare na haske. A 2008 kamfanin Sony ya gabatar da samfurin da aka mayar da wayoyin baya, haske ya riƙa faɗawa kai tsaye.

Idan duhu ya yi yawa, kyamara takan janye matacin da ke tare hasken infirared, ta kunna fitilun da ido ba ya ganin haskensu. Hoton yakan fito baƙi da fari, launin riga ko na mota ya ɓace. Wata kuma takan tsawaita lokacin ɗaukar kowane hoto, sai mai gudu ya zama hazo.

Najeriya ta san tsadar wannan harka: a 2010 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin ZTE kwangilar dala miliyan 470 ta sadarwar tsaro, wadda ta haɗa da kyamarori a Abuja da Legas. Duk lokacin da wata gwamnati ta sake sanar da sayen kyamarori da kuɗin jama'a, yawan megafiksel kaɗai bai isa hujja ba. Ya kamata a tambayi girman sensa, da faɗin ƙwayarta, a kuma nemi ganin hoton mutum yana tafiya wanda aka ɗauka da dare.