Babban Gwani Muhammadu Durugu: Maginin Zariya da Zuriyarsa

Babban Gwani laƙabin wani shahararren magini ne da ya rayu a Zariya a ƙarni na 19, wanda ya gina tsohon Masallacin Juma'a na birnin. Wasu riwayoyi suna kiransa Muhammadu Durugu, wasu kuma Malam Mika'ilu, amma laƙabin ya danne sunan yanka, da shi kowa ya san shi. Bayan rasuwarsa gini ya ci gaba da zama sana'ar gado a gidansa, kuma unguwar da zuriyarsa ke zaune a cikin ganuwar Zariya tana amsa sunan Babban Gwani.

Ya yi tashe ne a lokacin da magina suka samu kasuwa. Jihadin da aka fara a 1804 ya kawo sababbin sarakuna a ƙasar Hausa, kowanne yana bukatar masallacin Juma'a da zai ɗauki jama'a, da fada, da ɗakin shari'a. A Zazzau wannan aiki ya faɗo a zamanin Sarki Abdulkarim na gidan Katsinawa, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. A mulkinsa ne aka ɗora wa Babban Gwani ginin masallacin da ke kusa da fada.

Kayan aikinsa ba su bambanta da na kowane magini na lokacin ba. Ana haƙo jar ƙasa, a jiƙa ta, a tattake ta da ciyawa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, sannan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Da rani ake gini. Magini yakan hau kan bango ya zauna kamar mai hawan doki, yaro a ƙasa yana jefo masa tubali ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana cafewa yana dasawa cikin kwaɓi, tsinin yana kallon sama. Rufi kuwa da azara ake yi, wato tsagin itacen giginya, wadda gara ba ta cika damunta ba. Sai dai azara tana da iyaka: idan aka shimfiɗa ta ba tokari fiye da kamar taku shida, nauyin ƙasar da ke kanta zai lanƙwasa ta. Duk gwanintar maginin Hausa a nan take, yadda zai rufe ɗaki mai faɗi da itacen da ba ya yarda da faɗi.

Maganin shi ne bakan gizo. Ana kafa azara a cikin bango ko ginshiƙi, ta ɗan fito ta karkata zuwa ciki, a ɗaure wata a kanta da igiya ta ƙara fitowa, a bi da haka daki-daki daga ɓangarori biyu har su haɗu a sama, sannan a lulluɓe duka da ƙasa. Babban Gwani bai ƙirƙiro wannan dabara ba, ya tarar da ita. Abin da ya yi shi ne ya kai ta inda ba a saba kai ta ba. A babban ɗakin sallar masallacin Zariya bakunan suna tasowa daga manyan ginshiƙai, suna ratsa juna, suna ɗauke da tulluwa shida, har mai shiga ya rasa inda ginshiƙi ya ƙare da inda rufi ya fara. Adon da ke jikin ginshiƙan zane ne mai zurfi da aka yi da ƙasar kanta, layuka da da'irori da kusurwoyi, ba tare da cunkoso ba. Wanda ya saba da zanen bangon gidajen attajiran Zariya na ƙarni na 20, mai launi da yawan kwalliya, zai ga na masallacin ya fi kamewa nesa ba kusa ba, kuma a ganina ya fi kyau. Ginin na asali ya haɗa da zauruka na shiga harabar da kuma ɗakin shari'a.

Aikinsa bai tsaya ga masallaci ba, ya gina gidajen zama, kuma sunansa ya kai ƙasar Bauchi. Ana jingina masa wani soro a fadar Sarkin Bauchi, haka kuma Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, a ƙaramar hukumar Ganjuwa ta yanzu, wanda ake cewa an gina a wajajen 1860, kuma aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. Tsakanin masallacin Zariya da gidan Kafin Madaki akwai shekaru sama da goma. Mutum ɗaya zai iya yin duka biyun, amma inda sana'a da suna suke gado, aikin ɗa ko ƙane ko almajiri yakan koma kan sunan uban gida.

Labaran baka sun kewaye shi. Ana cewa da dare yake gini, gari ya waye a tarar da bango ya tashi, abin da ya sa wasu suka ce da aljannu yake aiki. Labarin mutuwarsa ya fi yaɗuwa: wai ya gina wa Sarkin Birnin Gwari masallaci, sarkin ya ga kyansa ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani irinsa. Malaman da suka karanta adabin Larabci za su tuna da Sinimmar, maginin fadar Khawarnaƙ, wanda aka ce sarki ya jefo shi daga saman ginin saboda wannan dalili. Irin wannan labari yakan bi manyan magina a ƙasashe da dama, don haka ya fi nuna girman da mutane suka ba shi fiye da yadda ajalinsa ya zo.

Gadonsa mafi tabbas shi ne gidansa. Ginin ƙasa ba a gama shi a tafi, kowace damina tana cin rabonta. Dole a sake yaɓe, a shafa makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, a gyara rufi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, a duba indararo kada ruwa ya kwanta a soro. Masallaci ko fada da ba su da magina masu kula da su shekara-shekara ba za su kai jika ba. Zuriyar Babban Gwani ce ta riƙe wannan aiki a Zariya, daga cikinta ake samun shugabannin magina masu kula da ginin fada. Yaro a irin wannan gida yakan fara da ɗebo ruwa da tattaka ƙasa, ya koma jefa tubali, sai ya daɗe kafin a bar shi ya taɓa azarar baka. Babu zane a takarda, babu littafi. Awon yana cikin taku da kamu da idon uba, shi ya sa ilmin bai cika fita daga gida ba.

A ƙarni na 20 siminti da kwano da bulo suka karɓe kasuwa, 'ya'yan magina da yawa suka koma birkila. Masallacin kansa bai tsira ba. A shekarun 1970 aka gina sabon masallaci na kankare a wurin, aka rushe sassan waje, abin da ya rage na tsohon ɗakin salla ya koma cikin sabon ginin. Kafin haka masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna tsohon ginin ya zana shi, kuma aka gina kwatankwacinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. Hamman Tukur Saad, a binciken digirinsa na uku da ya kammala a Jami'ar Michigan a 1981, ya zauna da maginan Hausa ya rubuta yadda suke tunani a kan aikinsu da yadda suke tuna Babban Gwani. Ɗaliban zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke Samaru a wajen birnin, suna karanta masallacin a darasinsu.