Waiwaye: Yadda Ƙananan Masu Ƙera Wasannin Bidiyo Suka Yi Ta Neman Dillalin Amana

A watan Disamba na 1993 wani ƙaramin kamfani a jihar Texas ta Amurka, id Software, ya saki kashin farko na wasan Doom kyauta. Duk wanda ya samu yana da izinin kwafa ya ba abokinsa, wanda kuma ya ji daɗi ya aiko da kuɗi a aika masa da ragowar. Dabarar ta samo asali ne daga Scott Miller na kamfanin Apogee, wanda tun ƙarshen shekarun 1980 yake raba wasa kashi uku, ya ba da na farko a matsayin ɗanɗano. Masu wasan da kansu ne suka zama 'yan talla, faifai yana yawo daga hannu zuwa hannu, daga ofis zuwa ɗakin kwanan ɗalibai.

Amma wannan sa'ar ba ta kowa ba ce. A wancan zamani wanda yake son wasansa ya hau kantar shago sai ya bi ta hannun babban kamfanin bugawa, mai kuɗin kwali da faifai da shafin mujalla. Sau da yawa kamfanin kan haɗa har da mallakar wasan ya riƙe, mai ƙirƙira ya tashi da ɗan kason da ba ya zuwa sai an gama cire duk abin da aka kashe. Wannan ƙorafi ne ya sa a 1998 wasu masu sana'ar, ciki har da Mike Wilson da Harry Miller, suka kafa Gathering of Developers da alƙawarin cewa wasa zai ci gaba da zama na wanda ya ƙera shi. Bayan shekara biyu kamfanin Take-Two ya saye su. Tun daga lokacin aka ga wata matsala da har yau ba ta kau ba: mutumin da ka amince da shi yana iya zama na kirki, amma kamfanin da sunansa ke kan takarda ya koma hannun wani.

Intanet ta kawar da kwali da faifai. Kamfanin Valve ya buɗe dandalin Steam a 2003, daga 2005 ya fara karɓar wasannin wasu. Microsoft ma ya buɗe wa ƙananan wasanni ƙofa a na'urar Xbox 360, inda Braid na Jonathan Blow ya yi fice a 2008. A wannan tsakanin talla ɗaya ce tak take da nauyi, wato mai kantin ya sa ka a shafin farko. Wanda ya kalli fim ɗin Indie Game: The Movie na 2012 zai tuna da safiyar da aka saki Super Meat Boy a Oktoban 2010. Tommy Refenes, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kwashe watanni ba barcin kirki don su cika wa'adi, ya kunna na'urarsa yana laluben hoton wasan a shafin farko, babu shi. Ga aiki ya kammala, ga ranar kasuwa ta zo, amma ko ganinsa za a yi yana hannun wani ma'aikaci a wani ofis. Hoton ya fito daga baya, wasan kuma ya sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya. Duk da haka, waɗannan sa'o'i na zullumi sun nuna wa dubban matasa inda rayuwar wasansu take rataye.

Sai YouTube ya shigo ya sauya lissafi. Minecraft na Markus Persson, ɗan ƙasar Suwidin, ya bayyana a 2009, kuma bidiyon da masu wasa suke ɗauka suna gine-gine su ne suka kai shi duniya, har Microsoft ya saye kamfaninsa kan dala biliyan 2.5 a 2014. Kowane ƙaramin mai ƙera wasa ya ɗauki darasi: ka aika wa masu tashoshi lambar buɗe wasanka kyauta, wataƙila ɗaya ya nuna shi.

Nan ne 'yan damfara suka sami ƙofa. Lambar Steam kuɗi ce, ana iya sayar da ita. A 2014 Leszek Lisowski na kamfanin Wastelands Interactive a ƙasar Folan ya ga ana sayar da wasansa Worlds of Magic da araha a wata kasuwar bayan fage. Ya sayi lamba ɗaya ya bi sawunta, sai ya tarar tana cikin waɗanda ya ba wani da ya ce shi mai tashar YouTube ne. Don ya gwada zurfin abin, shi ma ya yi shigar burtu ya rubuta wa wasu masu ƙera wasanni da sunan tashar da ba tasa ba, kuma da yawa suka turo masa lambobi ba tare da tambaya ba. Abin da ya fi ba ni tausayi a labarin shi ne dalilin da ya sa suka faɗa: mutumin da ya shekara uku yana aiki shi kaɗai a ɗaki, ranar da wani ya rubuto ya ce yana son nuna wasansa ga mutum dubu ɗari, farin ciki ba zai bar shi ya tsaya duba adireshin da wasiƙar ta fito ba.

Manya ma ba su tsira daga zargi ba. A 2016 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa Warner Bros. ya amince da sulhu kan biyan masu tashoshi kuɗi su yabi Shadow of Mordor ba tare da an bayyana wa masu kallo yadda ya kamata ba. A watan Satumba na shekarar, Valve ya daina ƙirga ra'ayin waɗanda suka sami wasa ta hanyar lamba a cikin makin wasan, saboda yadda ake sayen yabo. Ko a 2022 sai da ya kori wasu masu ba da shawarar saye a Steam, bayan mai wasan Brok the InvestiGator ya ɗana musu tarko: ya aika wa waɗanda yake zargi lambar gabatarwar wasan kawai, sai ga su sun yi masa ruwan suka.

Duk wannan yana faruwa ne yayin da kasuwar take cika maƙil. Steam Greenlight, hanyar shigar da wasa kantin, ya zo a 2012, Steam Direct ya maye gurbinsa a Yunin 2017, inda dala 100 ta isa ka sa wasanka a kanti. A 2013 sababbin wasannin da suka fito a Steam ba su kai dubu ɗaya ba. A 2023 sun haura 14,000. Shiga ta zama mai sauƙi, a gan ka ya zama jan aiki, kuma inda aka sami masu kaya da yawa cikin firgici, dillalai kan yi yawa.

A cikinsu akwai na gaske. Mike Wilson da Harry Miller ɗin nan sun dawo a 2009 da Devolver Digital, wanda ya fito da Hotline Miami a 2012. Chucklefish ya ɗauke wa Eric Barone nauyin kasuwanci lokacin da ya saki Stardew Valley a 2016, daga baya Barone ya karɓi ragamar bugawa da kansa. A 2016 ɗin ce kuma Kiro'o Games na Yawunde a Kamaru ya kai Aurion kasuwar duniya ta hannun kamfanin Faransa Plug In Digital. Abin da na fi ɗauka da muhimmanci ya faru ne a ƙarshen 2020, lokacin da Raw Fury na Suwidin ya wallafa yarjejeniyar da yake ba masu ƙera wasa, kowa ya karanta. Kafin nan sharuɗɗa sirri ne, sabon shiga ba shi da abin da zai auna tayin da aka yi masa. A kasuwar shanu ko yaro ya san la'adar dillali kafin a sallama. Wannan sana'a mai biliyoyin daloli sai da ta shekara talatin kafin ta fara kusantar haka.

Ilimin tallar ma ya fito fili. Rami Ismail na Vlambeer ya ba da manhajar presskit kyauta don shirya bayanan 'yan jarida. Masu nazari irin su Chris Zukowski da Simon Carless suka riƙa tattara alƙaluma daga masu sana'ar suna bayyanawa. Tun 2021 bikin Steam Next Fest yana ba kowa damar fitar da ɗanɗanon wasansa, kuma yawan mutanen da suka sa wasa a jerin abin da suke son saya ya zama ma'aunin da mai shi yake gani da idonsa kowace rana. Da wannan, mai tallar da ya karɓi kuɗi ba zai iya fakewa da cewa saƙo ya isa ga miliyoyi ba. Ana iya tambayarsa: mutum nawa suka ƙaru a jerin a makon da ka yi aikin?

Sai dai alƙaluman sun tona wata gaskiya mai ɗaci. Among Us ya fito a 2018, ya zauna kusan shekara biyu ba a san da shi sosai ba, sai a 2020 masu watsa wasa kai tsaye a Twitch suka ɗauke shi. Babu kamfanin tallar da ya tsara wannan, kuma duk wanda ya yi maka alƙawarin irinsa a kan farashi, ƙarya yake yi. Tsohuwar matsalar Gathering of Developers ma ta dawo. Versus Evil ya rufe a Disamban 2023, Humble Games ya sallami ma'aikatansa a Yulin 2024, ma'aikatan Annapurna Interactive kuma suka ajiye aiki gaba ɗaya a Satumban shekarar. Waɗannan sunaye ne masu mutunci, amma masu wasannin da ke hannunsu sun wayi gari suna tambayar wa zai amsa musu waya.

Matashin da yake ƙera wasa yau, a Warso yake ko a Legas, kafin ya sa hannu ko ya tura ko sisi, ya nemi mutanen da suka taɓa aiki da wannan kamfani, musamman waɗanda wasansu bai karɓu ba, ya tambaye su ko an ci gaba da kula su bayan makon farko. Ya nemi a rubuta nawa za a kashe a talla, da abin da za a cire kafin kasonsa ya fara shigowa. Sannan ya sa lauya ya duba masa sakin layin da ya ce wa zai riƙe wasan idan kamfanin ya rufe ko aka sayar da shi. In babu wannan sakin layi a takardar, kada ya sa hannu.