Daga Littafin Haraji Zuwa Rajistar Zaɓe: Yadda Aka Koyi Yi wa Kwamfuta Tambaya

Kafin kwamfuta ta shigo ƙasar Kano, ma'adanar bayanan jama'a ita ce littafin haraji. Mai unguwa ya ƙirga magidanta, dagaci ya tattara, malamin haraji ya rubuta a gaban hakimi. Idan ana son sanin masu biya nawa ne a Burumburum, sai an buɗe shafi bayan shafi ana ƙirge da yatsa. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, amma buƙatar jera sunayen mutane ba ta tafi ba.

A shekarar nan ta 1979 ne aka fara sayar da manhajar Oracle a Amurka. Tushenta wata takarda ce da Edgar Codd na kamfanin IBM ya wallafa a 1970, inda ya ce a zuba bayanai cikin jadawali masu alaƙa da juna. Daga nan aka samu SQL, yaren da ake yi wa ma'adana tambaya da shi. Matsalar ita ce sai gwani ke iya rubuta shi, kuma injinan na manyan kamfanoni ne. Manhajar dBASE ta kawo aikin kan kwamfutar tebur a farkon shekarun 1980, sannan Microsoft Access ta fito a 1992. Yau akwai irin su DBeaver da pgAdmin, kyauta: ka buɗe, ka ga jadawalin kamar littafin, ka tace, ka gyara.

To, me ya haɗa wannan da mutanen Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa? Katin zaɓe. A Janairun 2011, hukumar INEC ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta raba na'urori 132,000 a faɗin Nijeriya, kowace da kwamfutar tafi-da-gidanka, kyamara da abin ɗaukar zanen yatsa. An yi wa mutum kusan miliyan 73.5 rajista.

A nan ne aka ga iyakar tambaya. Ka ce wa kwamfuta ta nemo Muhammad, ba za ta kawo maka Mohammed ko Mamman ba. A wajenta Ɗanladi da Danladi mutum biyu ne, alhali Musa Ibrahim goma na iya zama a mazaɓa ɗaya. Shi ya sa aka koma ga zanen yatsa wajen gano masu rajista biyu. Rajistar da aka yi zaɓen 2015 da ita ta sauko zuwa miliyan 68.8.

Manhaja tana amsawa cikin daƙiƙa, amma abin da aka zuba mata shi take dawowa da shi. Saboda haka idan an kafe rajista a mazaɓarku, je ka duba sunanka harafi-harafi. Gyaran ya fi sauƙi a lokacin, kafin ranar zaɓe.