Da Ƙafa Muka Zo: Ɗori, Siminti da Hoton Ƙashi a Sabon Ibadan

Duk wanda ya saba zama majalisar dattawa a nan Sabo ya san ba a daɗewa ana hira sai an taɓo zancen tafiyar ƙasa. Kakanninmu da ƙafa suka zo Badun. Tun kafin a ware wa Hausawa wannan unguwa a 1916, fatake da masu koro shanu suke gangarowa daga Arewa, su ƙetare Kwara a Jebba, su biyo ta Ilori da Ogbomosho da Oyo. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, amma bai kashe tafiyar ƙasa ba. Baturen nan Abner Cohen, wanda ya zauna cikinmu a farkon shekarun 1960 ya rubuta littafi a kan Sabo, ya tarar har lokacin ana raba shanun kasuwa gida biyu, na jirgi da waɗanda aka koro da ƙafa.

To mutumin da ƙafa ce jarinsa, ciwon ƙafa shi ne babbar asararsa. Sa ya taka mai kora a bayan ƙafa, huhun goro ya suɓuce wa ɗan dako ya faɗo masa a kan yatsu, wani kuma ba abin da ya same shi sai yawan tafiya, ƙafar ta kumbura ta ƙi takuwa. Wannan na ƙarshen ma likitoci sun san shi tun tuni: a 1855 wani likitan soja a ƙasar Jamus, Breithaupt, ya bayyana irin kumburin a ƙafafun sojojin da suka sha doguwar tafiya, daga baya aka gano ashe ƙashi ne ke tsagewa a hankali saboda wahala. Masu koro shanu ba su san sunan Breithaupt ba, amma sun san ciwon.

A wancan zamani ba a shawarar inda za a kai mai karaya. Maɗori ake kira. Ɗori gado ne, ɗa ya koya a gindin ubansa, ya fara da riƙe ƙafa ana ja, kafin wata rana a bar shi ya taɓa da kansa. Maɗori zai shafa wurin, ya lalubo da yatsa, ya ce targaɗe ne ko gocewa ko karaya. In karaya ce ya ja, ya daidaita, ya jera karare ko tsagin gora, ya naɗe da ƙyalle, ya yi tofi, ya ba da man shafawa. Wasu har ƙafar kaza suke karyawa su ɗora tare da ta majinyacin, a ce ranar da kaza ta taka shi ma ya kusa. Da yawansu ba sa yanka kuɗi, sai abin da ka ba su. Sauran aikin na maigida ne. Baƙon da ya sauka a gidan maigida, da shanunsa ko goronsa, in ya kwanta ciwo a nan zai kwanta, a ciyar da shi har ya miƙe, domin maigida ya san in ya yar da baƙo bana, baɗi wani gida za a sauka. Mu riƙe wannan a zuciya, za mu dawo gare shi.

Asibitin ƙashi ya zo daga baya, kuma yaƙi ne ya kawo shi. Na Igbobi a Ikko ya faro ne a matsayin wurin jinyar sojojin da suka jikkata a Yaƙin Duniya na Biyu, ya zama cikakken asibiti a 1945. Babban asibitin koyarwa na nan Ibadan, wanda daga Sabo ko da ƙafa ana zuwa, an buɗe shi a 1957. Na Dala a Kano ya biyo baya a 1959, na Inugu kuma bayan yaƙin basasa. Asibitocin nan suna da abubuwa biyu da maɗori ba shi da su. Ɗaya shi ne ɗaurin siminti, wanda wani likitan sojan Holan mai suna Mathijsen ya ƙirƙiro wajen 1852. Ɗayan shi ne hoton ƙashi, wanda Röntgen ya gano a Jamus a 1895.

Iyayenmu ba su karɓi asibitin da hannu biyu ba, kuma suna da dalilinsu. Babu mai jin Hausa, ga layi, ga kati, ga kuɗi tun kafin a taɓa ka. Sai kuma maganar da har gobe ake yi a kasuwa, wai asibiti yanke ƙafa suke yi. Ya kamata mu tsaya a kan wannan magana, don ta cuci mutane da yawa. Ƙafar da ta karye kumbura take yi a kwanakin farko. In aka ɗaure ta tamau da karare, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya matse jijiyoyin jini. Yatsu su yi sanyi, su daina ji, su fara baƙi. Majinyaci na kuka ana ce masa ya daure, ɗori ne ke kamawa. Sai an ji wari sannan a ɗauke shi zuwa asibiti, lokacin naman ya riga ya ruɓe, likita kuma ba shi da abin yi sai yankewa don a ceci rai. Mutanen unguwa ba su ga kwana goman da ƙafar ta yi a ɗaure ba, abin da suka gani shi ne an tafi da ƙafa biyu an dawo da ɗaya. Haka tsoron ya riƙa ciyar da kansa: ana gudun asibiti don yanka, ana yanka don an makara. Simintin asibiti ma in ya matse haka yake yi, shi ya sa ake cewa a ɗaga ƙafa a kan matashi, a kuma koma da gudu in yatsu suka canza.

Yanzu ga wani tarihi da muke ganin zai ba masu karatu mamaki, musamman masu ɗaukar abin kamar faɗa ne tsakanin gargajiya da boko. Ilimin ƙashi na Ingila kansa daga gidan maɗora ya fito. A garin Libaful an yi wani maɗori mai suna Evan Thomas, ɗan gado daga yankin Wales, wanda bai yi makarantar likita ba. Likitocin garin suka sa shi gaba, har kotu aka kai shi. Sai ya tura 'ya'yansa maza karatun likita. Ɗaya daga cikinsu, Hugh Owen Thomas, ya haɗa hannun gado da ilimin makaranta, ya ƙera wani ƙarfen ɗaure cinya da har yau ake kira da sunansa. Shi kuma ya raini wani yaro, Robert Jones, wanda matar Thomas gwaggonsa ce. Jones ɗin nan shi ya kai ƙarfen fagen daga a Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda ya ceci sojoji masu yawa da karayar cinya ke kashewa.

Abin da ya shafe mu a labarin Jones shi ne ƙafarsa. Wata rana yana rawa a wurin biki ya taka da gefen ƙafa, ya ji wani abu ya ba da. Mutumin da ya tashi a gidan ɗori, ya taɓa dubban ƙasusuwa, ya zaci jijiya ce ta tsinke. Sai da aka ɗauki hoto aka ga karaya ce a gindin dogon ƙashin da ke tafiya zuwa ƙaramin yatsa. Ya rubuta bayaninta a 1902, kuma har yau likitoci da sunansa suke kiran wannan karaya. In Jones bai iya karanta tasa ƙafar da hannu ba, to ba raini ba ne in muka ce maɗorin unguwa ma yana bukatar hoto.

Dalili kuwa a halittar ƙafar yake. Daga idon sawu zuwa yatsu ƙasusuwa 26 ne a cushe, ƙanana, wasu kamar tsakuwa. Cinya ko ƙwauri in sun karye ko yaro ya gani. Ƙafa kuwa kumburi ɗaya take yi ko targaɗe ne ko tsagewa ko gocewa, kuma da yawa mai karayar yana iya ɗingisawa, shi ya sa ake cewa ai tunda yana takawa ba karaya ba ce. Wannan magana ba gaskiya ba ce.

Dubi ƙashin nan na gefen ƙaramin yatsa. In ɗan ɓallin can ƙarshen gindinsa ne ya ɓalle, yawanci takalmi mai tauri na asibiti da hutu sun isa, cikin makonni kaɗan mutum ya koma harkarsa. In kuwa karayar ta matsa gaba kaɗan, abin da bai fi faɗin yatsa ba, ta faɗa wurin da jini ba ya isa sosai, wato wurin Jones. Nan ƙashi na da taurin kan haɗuwa. Likita zai ce ko dai siminti na mako shida zuwa takwas ba a taka ƙafar ko kaɗan, wani lokaci ma fiye, kuma duk da haka tana iya ƙin kamawa. Ko kuma a yi tiyata a sa ƙarfe ta cikin ƙashin, wanda ya fi tsada, yana da haɗarinsa na ciwo ya shiga, amma ya fi saurin mai da mutum kan ƙafarsa. 'Yan ƙwallo tiyatar suke zaɓa. Hannu ba ya bambance waɗannan biyun, daga waje wuri ɗaya ne ke ciwo.

Dogayen ƙasusuwan tsakiya in sun tsage ba su goce ba, wajen mako shida suke ɗauka, kuma a gaskiya ko wane ne ya ɗaure, in bai matse ba kuma an huta, za su haɗu. A nan ne maɗora suka samu yawancin sunansu, kuma ba mu hana su. Ƙananan yatsu ma sau da yawa haɗa mai ciwon ake yi da na kusa da shi a naɗe. Amma in tsakiyar ƙafa ce ta goce, irin wadda ke faruwa in babur ya faɗi ƙafa na maƙale, har tafin ƙafa ya yi ɓaƙin jini ta ƙasa, ja da murza ba sa mai da ita, kuma wanda aka bari haka zai yi ta fama da ciwo da ɗingishi shekara da shekaru. Karayar da ƙashi ya huda fata kuwa ba ta jiran gobe: wanki take so, da allurar tetanos, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba man shafawa ba. Haka mai ciwon suga, wanda ƙafarsa ba ta jin zafi sosai, ɗauri zai ci namansa bai sani ba. Mai shan taba kuma ya sani ƙashinsa ya fi jinkirin haɗuwa.

Yau shanu a tirela suke zuwa, amma karayar ƙafa ba ta ragu a Sabo ba, sai ma ƙaruwa. Babur ne ya gaji sa. Tun da okada ta zama sana'ar samarinmu, daga Mokola zuwa Bodija zuwa Shasha, da wuya mako ya wuce ba a ji an kwaso wani ba. A Ikko har ba'a ake yi da wani ɗakin kwanciya na Igbobi, ana ce masa ɗakin 'yan okada. Kuma in ka zauna da waɗannan samari za ka ji ba imani da tofi ne kaɗai ke kai su wurin maɗori ba. Lissafi ne. Maɗori na karɓar abin da ke hannunka, yana jin yarenka, yana zuwa har ɗaki, kuma yana cewa nan da kwana kaza za ka taka. Likita na cewa mako shida kada ka sauke ƙafa. Yaron da babur ɗin ma ba nasa ba ne, kullum sai ya kai balas, ga iyali a gida suna jiran aike, wa zai ciyar da shi mako shida? Sai ya zaɓi mai gajeren wa'adi, ko ya je asibitin a sa simintin ya zo ya yanke shi da wuƙa a mako na uku. Ƙashi kuwa bai san balas ba.

A nan ne maganar maigida ta dawo. Abin da ya sa ɗorin da ya yi wa kakanninmu aiki, rabinsa hannun maɗori ne, rabinsa tuwon da ake kai wa majinyaci yana kwance. Wancan tsari na saukar baƙi ya yi rauni, samarin yanzu su biyar su shida suke kama ɗaki, ba wanda ya sauke su balle ya ɗauki nauyinsu. Ƙungiyoyin 'yan okada da na 'yan dako suna karɓar kuɗin tikiti kullum. Muna ganin da za a ware wani abu daga ciki don kuɗin hoto da abincin mako shida, da shawarar ɗori ko asibiti ta zama shawara ta gaske, ba ta wanda yunwa ke kora ba.

Wasu maɗoran ma sun riga mu gane haka. Akwai waɗanda yanzu ba sa taɓa ƙafa sai an kawo musu hoto, su ɗaga shi a rana su duba, in sun ga ƙashi ya goce ko akwai rauni a buɗe su ce wannan ba tamu ba ce, a wuce asibiti. Irin abin da Evan Thomas ya yi ke nan da ya tura 'ya'yansa makaranta. Wurin ɗaukar hoton bai fi tafiyar mintoci daga Sabo ba.