Lanƙwasar da Injin Yake Cinyewa

Wata Juma'a aka kawo mini sanarwar ɗaurin aure daga Maamobi in karanta a rediyo. An buga ta a wani shagon kwamfuta, kuma duk inda ƙ ko ɗ ya kamata ya fito, sai ɗan akwati fanko. Da aka mayar a gyara, mai shagon ya share akwatunan ya sa k da d. Aka wayi gari iyalan ango suna maraba da "baki" maimakon baƙi. Na gyara da biro, amma abin ya tsaya mini a rai, domin wannan rigima ta girmi kwamfuta.

Kakanninmu na zango da ajami suke rubutu. Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934, bai san wannan ciwon kai ba: alƙalaminsa yana da harafin ƙ daban, na ɗ daban, ya ara daga Larabci. Boko ne ya zo da giɓi. Turawan farko wasu suka riƙa ɗiga ɗigo ƙarƙashin harafi, wasu suka liƙa masa waƙafi a gefe. A ƙarshen shekarun 1920 wata cibiyar nazarin harsunan Afirka da ke Landan, ƙarƙashin Bajamushe Diedrich Westermann, ta fito da tsarin haruffa na bai-ɗaya. Daga wannan tunani aka sami ɛ da ɔ na Twi da Ga, aka kuma sami lanƙwasarmu. Rupert East ya kama ta a Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fita a 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, ta kai ta gidajen mutane.

Sai dai kowane sabon inji sai ya mayar da mu baya. Tafireta ba ta da ƙ, sakatarori su buga k su ja mata lanƙwasa da hannu. A nan Accra akwai wani tarko na daban: Ewe suna da ɖ mai jela a ƙasa, kuma na sha ganin an sa mana ita a gurbin ɗ.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba mu kaɗai ba ne. Donald Knuth, malamin kwamfuta a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya ga yadda sabon injin ɗab'i ya ɓata littafinsa, ya fusata ya zauna ya ƙirƙiro manhajar TeX a 1978. Daga baya ya fito da WEB: mutum ya rubuta umarnin kwamfuta da bayaninsa a fayil ɗaya, sannan wata manhaja ta tsamo abin da inji zai bi, wata ta tsara shafin da mutum zai karanta. Masu amfani da irin wannan har yau suna fama. Alamar da take da ma'ana ga inji, mai tsara shafi ya ɗauke ta umarni ya haɗiye, ko dogon layi ya karye inda bai kamata ba. Harafi ɗaya ya faɗi, ma'ana ta tafi.

Tsarin Unicode ya ba ɓ da ɗ da ƙ lambobinsu tun farkon shekarun 1990, yau suna nan a wayar kowa. To me ya sa akwatunan ba su ƙare a Nima ba? Tsohon salon rubutu a kwamfutar shago yana da laifi. Amma mu ma muna da namu. Hausarmu ta Gana ta daɗe da sassauta waɗannan sautuka, yaro a Nima yakan faɗi kafa da ƙafa baki ɗaya, don haka idonsa ba ya kewar abin da kunnensa bai saba ji ba. Ban ɗauki wannan aibi a magana ba. A takarda kuwa ina da ja, domin sanarwar da aka buga a Maamobi ana tura ta Kano da Maradi ta WhatsApp kafin la'asar, kuma can karya da ƙarya ba abu ɗaya ba ne.