Yadda masana ke auna mummunan zato ga mutane

Mummunan zato, wato mutum ya ɗauka cewa sauran jama'a mugaye ne ko suna nufinsa da sharri, yana cikin abubuwan da masu binciken lafiyar ƙwaƙwalwa suka daɗe suna ƙoƙarin aunawa.

Idan irin wannan tunani ya yi tsanani, yakan sa mutum ya ƙaurace wa dangi da abokai, wani lokaci ma ya ƙi amincewa da likitan da ke duba shi.

Asalin ma'aunan

A shekarar 1954 ne wasu masana biyu a Amurka, Walter Cook da Donald Medley, suka fitar da ma'auni mai tambayoyi 50 kan ƙiyayya da rashin yarda da mutane. Daga baya an yi amfani da shi wajen nazarin alaƙar wannan hali da ciwon zuciya.

Shi kuwa likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck, wanda ya rasu a 2021, tun a shekarun 1960 ya yi bayanin cewa irin kallon da mutum yake yi wa kansa, da duniya, da makomarsa, yana da tasiri a kan ciwon damuwa.

Ma'aunin BCSS

A 2006, David Fowler da abokan aikinsa a Birtaniya suka wallafa wani taƙaitaccen ma'auni da ake kira BCSS.

Ma'aunin yana ɗauke da jimloli 24 da aka kasa gida huɗu: kyakkyawan zato ga kai, mummunan zato ga kai, kyakkyawan zato ga wasu, da mummunan zato ga wasu.

A kashi na ƙarshe akwai jimloli shida, kamar cewa mutane mugaye ne, ko mayaudara ne, ko ba sa yafiya.

Wanda bai yarda da jimla ba ana ba shi sifili. Wanda ya yarda kuma sai ya nuna ƙarfin yardarsa daga maki 1 zuwa 4. Ke nan makin kowane kashi yana tsakanin 0 da 24.

Masu binciken sun gano cewa yawan maki a wannan kashi yana da nasaba da jin cewa ana ƙulla wa mutum makirci.

Inda matsalar take

Sai dai takardar tambayoyi ba ta iya bambance zato marar tushe da tsoron da ke da dalili. Wanda ya rayu a fagen yaƙi, ko aka ci zarafinsa, zai iya samun maki mai yawa ba tare da wata cuta ba.

Domin shawo kan wannan, Daniel Freeman da tawagarsa sun wallafa sakamakon wani gwaji a 2008, inda mutane 200 suka shiga kwaikwayon jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan da aka ƙirƙira da kwamfuta.

An tsara fasinjojin kwamfutar ne yadda ba sa nuna ƙiyayya ga kowa. Duk da haka, wani kaso na mahalarta sun ce sun ji ana nufinsu da cuta.

Masana na jaddada cewa waɗannan ma'aunai kayan bincike ne kawai. Tabbatar da cuta aikin likita ne, bayan ya zauna da mutum ya saurari tarihinsa.